Bindiga a Jakar Hannu: Yadda Kamfanonin Makamai Ke Neman Kasuwar Mata da Matsayin Dokar Najeriya

A Gantsa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Buji, da sauran garuruwan Masarautar Dutse, bindigar da aka saba gani a hannun farar hula ita ce ta toka, wadda maƙeri ke ƙerawa, maharbi ko ɗan banga ya rataya a kafaɗa. Ba a shelarta a rediyo, ba a baje ta a kasuwar Shuwarin kusa da buhunan riɗi, kuma a al'ada babu mai lissafa ta cikin kayan mata. Sai dai ma'aikaciya ko 'yar kasuwar da ke leƙa TikTok ko Instagram a Dutse ko Birnin Kudu tana iya cin karo da wani abu dabam: Ba'amurkiya cikin ado tana zaro ƙaramar bindiga mai launin ruwan hoda daga jakar hannu, tana cewa tun ranar da ta saye ta ta daina fargabar fita da dare.

Irin wannan hoto yana da tarihi mai tsawo, domin kamfanonin ƙera makamai na Amurka sun shafe sama da shekara 100 suna gwada hanyoyin jawo mata zuwa shagunansu. Sanin wannan tarihi yana da amfani a nan gida, inda muhawara kan ko ya kamata a bar jama'a su mallaki makami don kare kansu take dawowa duk lokacin da 'yan bindiga suka kai mummunan hari. Wannan maƙala ta tattaro yadda kasuwar take, dabarun da ake bi, abin da masu bincike suka gano, da kuma abin da dokar Najeriya ta tanada.

Girman kasuwar da matsalar masu ita

Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a ƙarshen 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 857 a hannun farar hula a duniya. Daga ciki, miliyan 393 suna Amurka, adadin da ya zarce yawan mutanen ƙasar a lokacin. Ƙiyasin cibiyar ya ba Najeriya kimanin miliyan 6.2, mafi yawansu ba su da rajista.

Duk ɗan kasuwa zai gane matsalar da ke tattare da wannan haja. Sabulu yana ƙarewa, atamfa tana koɗewa, waya tana tsufa cikin shekara biyu ko uku, amma bindigar da ake shafa wa mai tana iya kaiwa ga jika. Kamfanin da ya sayar wa magidanci bindiga ɗaya ba shi da tabbacin sake ganinsa. Ga shi kuma yawan mafarauta a Amurka, waɗanda su ne tsofaffin abokan ciniki, ya soma ja da baya tun shekarun 1980. Mafita biyu ta rage wa kamfanoni: su shawo kan mai bindiga ya ƙara ta biyu da ta uku, ko su nemo sababbin masu saye. A cikin sababbin, babu rukunin da ya kai mata yawa.

Alƙaluman cibiyar bincike ta Pew sun nuna tazarar da ake son cikewa. A 2017, kashi 39 cikin 100 na mazan Amurka sun ce suna da bindiga, mata kuwa kashi 22. A 2023 adadin ya koma kashi 40 ga maza, kashi 25 ga mata. Binciken 2017 ɗin ya kuma nuna cewa namiji kan mallaki bindigarsa ta farko yana da kimanin shekara 19, mace kuwa sai ta kai 27. Kashi 27 na matan da ke da bindiga sun ce kare kai shi ne kaɗai dalilinsu, alhali kashi 8 ne kawai na maza suka faɗi haka. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin kusan duk wani tallan bindiga da ake yi wa mata.

Tarihin tallan

Mace ta farko da ta yi suna da harbi a Amurka ita ce Annie Oakley, wadda ta rayu daga 1860 zuwa 1926. Ta shiga ayarin wasannin Buffalo Bill a 1885, ta zagaya Amurka da Turai tana nuna gwanintar saiti, kuma a 1898 ta rubuta wa Shugaba William McKinley tana tayin kawo mata 50 gwanayen harbi idan yaƙi ya ɓarke da Sifen. Ba a karɓi tayin ba, amma sunanta ya zama hujjar masu cewa bindiga ba ta fi ƙarfin mace ba.

A farkon ƙarni na 20 kamfanoni suka fara magana da mata kai tsaye. Smith & Wesson ya ƙera wata ƙaramar libarba daga 1902 zuwa 1921, wadda aka sani da Ladysmith. Kamfanin Savage kuwa, wajen tallan ƙaramar bindigarsa samfurin 1907, ya riƙa buga zanen matar aure ita kaɗai a gida cikin dare, ɓarawo ya shigo, miji ya yi tafiya. Saƙon a lokacin yana zuwa ne ga mijin: shi ake cewa ya saya mata.

Babban yunƙurin zamani ya zo bayan cinikin ƙananan bindigogi ya faɗi a tsakiyar shekarun 1980. A 1989 Smith & Wesson ya farfaɗo da tsohon sunan, ya fito da jerin bindigogi na LadySmith masu siririn mariƙi. A shekarar ce kuma aka fara buga mujallar Women & Guns. Kamfanin ya yaɗa sakamakon wata ƙuri'ar jin ra'ayi da ya ɗauki nauyi, wadda ta ce matan da ke mallakar bindiga sun ƙaru ƙwarai, jaridu da talabijin suka yi ta maimaitawa. A 1995 wasu masu bincike biyu, Tom Smith da Robert Smith, suka duba alƙaluman ƙasa na 1980 zuwa 1994, suka tarar babu wata ƙaruwa ta a-zo-a-gani, kuma matan da ke da bindiga ba su wuce kimanin ɗaya cikin goma ba. Wato labarin cewa mata na rububin bindiga shi kansa wani ɓangare ne na tallan, irin na mai shago da ke ce wa kowa kayan sun kusa ƙarewa.

A 1992 kamfanin Colt ya sanya wani talla da ya jawo ce-ce-ku-ce a mujallar mata ta Ladies' Home Journal. An nuna uwa tana kwantar da 'yarta, a ƙasa kuma bindigogi biyu, tare da saƙon cewa kare kai ya wuce 'yanci, nauyi ne a wuyanta. A 1993 ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, ta ƙaddamar da shirin Refuse To Be A Victim, ma'ana ki ƙi yarda a zalunce ki, kuma a 1995 Marion Hammer ta zama mace ta farko da ta shugabance ta. Hammer na cikin waɗanda suka ja gaba wajen kafa dokar Jihar Florida ta 1987, wadda ta sauƙaƙa samun izinin yawo da bindiga a ɓoye. Jihohi da dama sun kwaikwayi dokar, har yau fiye da rabin jihohi 50 na ƙasar ba sa ma buƙatar izinin. Wannan sauyin doka shi ya buɗe kasuwar ƙananan bindigogi da jakunkunan ɓoye su.

Masana talla sukan kwatanta wannan da abin da kamfanonin taba suka yi. A 1929 Edward Bernays ya shirya wa wani kamfanin taba jerin gwanon mata masu zuƙar sigari a titin New York, aka kira sigarin fitilar 'yanci. A 1968 aka fito da sigarin Virginia Slims don mata zalla. A duka biyun, an ɗauki kalmomin masu fafutukar 'yancin mata an liƙa su a jikin haja.

Saƙonni huɗu da ake maimaitawa

Na farko shi ne tsoro. Hoton da aka fi amfani da shi shi ne mace ita kaɗai a wurin ajiye motoci da dare, ko a gida ana taɓa ƙofa, maharin kuma baƙo ne da ba a ga fuskarsa. Na biyu shi ne uwa mai kare 'ya'yanta, inda ake nuna rashin bindiga a gida kamar sakaci ne da amanar yara. Na uku shi ne daidaito: ana cewa bindiga tana shafe fifikon ƙarfin jiki da namiji yake da shi, don haka mai ita ba ta jiran miji ko ɗan sanda. Na huɗu shi ne zumunci. Ƙungiyar A Girl & A Gun, wadda aka kafa a Texas a 2011, da The Well Armed Woman, da Carrie Lightfoot ta kafa a Arizona a 2012, sun buɗe rassa a jihohi da dama, inda mata ke haɗuwa a filin koyon harbi kamar yadda ake haɗuwa a taron adashi. Kamfanoni kan tallafa wa irin waɗannan taruka da kaya da rangwame, domin shawarar ƙawa ta fi tallan mujalla tasiri.

Sakamakon ya fara bayyana a 'yan shekarun nan. Wani bincike da Matthew Miller da Deborah Azrael da abokin aikinsu suka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 7.5 ne suka mallaki bindiga karon farko a Amurka daga Janairun 2019 zuwa Afrilun 2021, lokacin annobar korona da zanga-zanga, kuma kusan rabinsu mata ne. Kamfanin Gallup ya nuna cewa siyasa ma tana da hannu: matan jam'iyyar Republican masu bindiga sun tashi daga kashi 19 a tsakanin 2007 da 2012 zuwa kashi 33 a tsakanin 2019 da 2024.

Launi, ƙira da kayan haɗi

Dabarar farko da kamfanoni suka bi ita ce wadda 'yan talla ke yi wa kirari da a ƙanƙanta shi a shafa masa ruwan hoda. Charter Arms ya fito da libarba mai suna Pink Lady, wasu kamfanonin suka bi da launin shuɗi da na jar garura, har da bindigar yara ta Crickett mai ruwan hoda don 'yan mata ƙanana. Masu koyar da harbi da yawa, ciki har da mata, sun soki wannan hanya saboda wani dalili na zahiri. Idan bindiga ta cika ƙanƙanta da rashin nauyi, dukan da take yi wa hannu lokacin harbi ya fi tsanani, kuma saita ta ya fi wuya. Sabuwar mai koyo da aka miƙa wa irin wannan saboda kawai tana da kyan gani ta karɓi mafi wuyar sarrafawa.

Daga baya kamfanoni suka koma gyara ƙirar kanta. Savage ya fito da bindigar farauta ta Lady Hunter mai gajeren gindi, Weatherby ya fito da Camilla a 2016, Smith & Wesson ya kawo Shield EZ a 2018, wadda ɗana ta ba ya buƙatar ƙarfin hannu sosai. Walther na Jamus ya fito da PDP F-Series a 2022 da mariƙin da aka auna da tafin hannun mata. A Janairun 2023 Sig Sauer ya ƙaddamar da ROSE tare da zakarar harbi Lena Miculek, inda ake sayar da bindiga haɗe da akwatin ajiya da darussan bidiyo da damar shiga zauren mata a intanet.

Riba mai yawa tana cikin kayan haɗi, domin su ake sake saye. Akwai jakunkunan hannu masu ɓoyayyen aljihu irin na Gun Tote'n Mamas, da kuben da ake maƙalawa a rigar mama irin na Flashbang, da wandunan motsa jiki masu wurin soke bindiga a ƙugu, da abin toshe kunne da tabarau masu launi. Jakar hannu ce aka fi jayayya a kanta, saboda ita ɓarawo ke fara fizgewa, kuma ita ake ajiyewa a inda yaro zai kai hannu. A Disamban 2014, a wani kantin Walmart da ke garin Hayden na Jihar Idaho, yaro ɗan shekara biyu ya buɗe irin wannan jaka da aka ajiye kusa da shi a keken sayayya, ya taɓa kunamar bindigar, harsashi ya kashe mahaifiyarsa nan take.

Da yake Facebook da Google ba sa karɓar tallan bindiga na kuɗi, kamfanoni sun karkata ga masu tarin mabiya a kafofin sada zumunta, waɗanda ake ba kaya ko kuɗi su nuna a shafukansu. A Disamban 2019 Instagram ya sanar da haramta irin wannan talla na haɗin gwiwa ga makamai da taba, amma hotuna da bidiyon da mutum ya ce na nishaɗinsa ne suna ci gaba da yawo. Su ne ke isowa wayoyin da ke Jigawa da Kano.

Indiya da Afirka ta Kudu

Salon ya tsallaka wasu ƙasashe. Bayan fyaɗen da wasu gungun maza suka yi wa wata ɗaliba a cikin bas a Delhi a Disamban 2012, wanda ya yi sanadin mutuwarta, masana'antar makamai ta gwamnatin Indiya da ke Kanpur ta fito da wata libarba don mata a Janairun 2014. An sa mata suna Nirbheek, ma'ana marar tsoro, don tunawa da laƙabin da jaridu suka ba marigayiyar. Nauyinta giram 500, ana sayar da ita a cikin akwati irin na sarƙa da 'yan kunne, kuma farashinta rupi 122,360, kusan Dala 2,000 a lokacin. Masu fafutukar kare mata a ƙasar sun ce matan da suka fi fuskantar haɗari, masu shiga bas da dare da masu aikatau, ba za su taɓa iya sayenta ba, balle samun lasisi mai wuyar fita. A Afirka ta Kudu, ƙungiyar Gun Owners South Africa tana da shirin Girls on Fire na koyar da mata harbi, yayin da ƙungiyar Gun Free South Africa ke kafa hujja da yawan matan da mazajensu ko samarinsu ke harbewa da bindigar da ke gida.

Abin da bincike ya nuna

Masu goyon bayan mallakar bindiga suna da hujjojinsu. Akwai matan da suka tsira daga hari saboda suna da makami, kuma a ƙauyukan da ofishin 'yan sanda ke da nisa, jiran agaji yana iya zama jiran gawon shanu. Gary Kleck da Marc Gertz sun ƙiyasta a 1995 cewa Amurkawa na kare kansu da bindiga kusan sau miliyan 2.5 a shekara. Wasu masana sun ce an zuzuta adadin, domin binciken gwamnatin ƙasar kan waɗanda aka yi wa laifi yana ba da kusan 100,000 ko ƙasa da haka.

Inda tallan ya fi kauce wa gaskiya shi ne wajen bayyana wanda ke kai harin. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, tare da hukumar mata ta Majalisar, ya nuna cewa a 2023 an kashe mata da 'yan mata kimanin 85,000 da gangan a duniya, kuma kimanin 51,100 daga cikinsu, wato kashi 60 cikin 100, miji ko saurayi ko wani ɗan uwa ne ya kashe su. Afirka ce ta fi yawa da kimanin 21,700. Baƙon da ke laɓe a duhu, wanda ake zanawa a talla, shi ne mafi ƙarancin kaso.

A 2003 Jacquelyn Campbell ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a birane 11 na Amurka, wanda ya nuna cewa idan mijin da ke dukan matarsa yana iya kai hannu ga bindiga, haɗarin ya kashe ta yana ninkuwa kusan sau biyar. David Studdert na Jami'ar Stanford ya bi diddigin mutane sama da miliyan 26 a Kalifoniya daga 2004 zuwa 2016. A 2020 ya ba da rahoton cewa matan da suka mallaki ƙaramar bindiga sun ninka waɗanda ba su da ita sau 35 wajen kashe kansu da bindiga, maza kuwa kusan sau takwas. A 2022 ya ƙara da cewa mutumin da ba shi da bindiga amma yana zaune da mai ita ya fi fuskantar kisa fiye da ninki biyu, kuma haɗarin abokin zama ya harbe shi ya ninka kusan sau bakwai. Kashi 84 cikin 100 na waɗanda abokan zamansu suka harbe mata ne. A irin wannan gida, an gudu ne daga gara an faɗa gidan zago.

Kotunan Amurka sun taɓo batun ta fuska biyu. A Yunin 2024 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya, ta tabbatar da dokar da ta hana bindiga ga wanda kotu ta umarta ya nisanci matarsa ko budurwarsa saboda cin zarafi. Ta fuskar talla kuma, duk da dokar 2005 da ta kare kamfanonin makamai daga yawancin ƙararraki, a Fabrairun 2022 masu inshorar kamfanin Remington sun amince su biya Dala miliyan 73 ga iyalan wasu daga cikin waɗanda aka kashe a makarantar Sandy Hook a 2012. Ƙarar ta dogara ne a kan yadda aka tallata bindigar, ciki har da tallan da ke nuna wa namiji cewa sayenta zai dawo masa da mazantakarsa.

Najeriya: tarihi da doka

Bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye dogarai masu bindiga. A Afirka ta Yamma an taɓa samun rundunar mata masu bindiga, wato Agojie ta masarautar Dahomey, wadda ta gwabza da Faransa a 1890 da 1892. Amma tun yarjejeniyar Brussels ta 1890, Turawa suka taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, kuma dokokin mulkin mallaka suka ɗora a kan haka.

Dokar da ke aiki a yau ita ce Dokar Makamai ta 1959, wadda ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko shi ne haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa: bindigogin soja, masu sarrafa kansu, da kuma libarba da duk wata ƙaramar bindiga ta hannu. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigar harbin tsuntsaye da ta wasanni da mai aiki da iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku shi ne na bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin ta toka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininsu. Ke nan duk ƙananan bindigogin da ake tallata wa matan Amurka suna cikin kashin farko a nan, kuma mallakarsu ba da izini ba tana iya jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Dokar ba ta bambanta mace da namiji ba. Ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. A Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Ga kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 2006, wadda ta fara aiki a 2009, da ta hana shigo da ƙananan makamai sai da keɓantaccen izini, da Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Kamfanin DICON na Kaduna, wanda aka kafa a 1964, babban aikinsa wadata sojoji da sauran jami'an tsaro ne. Saboda haka babu halastacciyar kasuwar da za ta ɗauki nauyin irin tallan Amurka. Kasuwar bayan fage ce ke ci, kamar yadda kamen Kwastam ke nunawa: bindigogi 661 a Legas a Janairun 2017, da 844 tare da harsasai 112,500 a tashar Onne a 2024.

Muhawarar kare kai da matsayin mata

Kiraye-kirayen a sassauta dokar sun fito daga manyan mutane. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya nemi jama'a su tanadi makamai. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace daga masarautu 19 na jihar, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A Afrilun 2025 Janar T.Y. Danjuma ya sake kiran jama'a su kare kansu a wani taro a Takum. Gwamnan Jigawa, Malam Umar Namadi, ya mayar da martani a gidan talabijin na Channels cewa lamarin bai kai nan ba, kuma barin kowa ya ɗauki makami zai haifar da rashin doka, yana mai kafa misali da yadda sulhu ya rage rikicin manoma da makiyaya a jiharsa.

A cikin wannan muhawara ba kasafai ake jin muryar mata ba, alhali suna cikin labarin ta fuskoki da dama. Akwai irin su Aisha Bakari Gombi ta Adamawa, wadda ake kira Sarauniyar Mafarauta, da ta jagoranci maharba wajen fafatawa da Boko Haram. Akwai waɗanda 'yan bindiga ke amfani da su wajen safarar harsasai saboda ba a cika bincikar mace a shingen hanya ba, kamar matar da 'yan sandan Zamfara suka kama da harsasai 991 a Nuwamban 2021. Mafi yawa kuwa su ne waɗanda aka sace, da waɗanda aka mayar zawarawa, da waɗanda ke sayar da gona da dabbobi don biyan kuɗin fansa. Tsoron da ake sayar wa matan Amurka a talla, a Zamfara da Katsina da Sakkwato rayuwa ce ta yau da kullum, kuma wannan ne ya sa saƙon zai yi saurin samun kunne idan wata rana aka buɗe ƙofa.

Darasin da ke cikin alƙaluman Amurka ga masu tsara doka a nan ya shafi cikin gida ne. Bindigar da aka saya don ɗan fashi tana kwana a ɗaki ɗaya da saɓanin ma'aurata, da yara masu bincike, da ranar baƙin ciki. Jerin waɗanda dokar 1959 ta hana lasisi bai ambaci magidancin da aka kai ƙararsa kan dukan iyali ba matuƙar kotu ba ta hukunta shi ba, ko da yake hukuma tana da ikon ƙin bayarwa. Dokar hana cin zarafi ta tarayya ta zo a 2015, Jigawa ta sanya hannu a kan tata a 2021, shekaru da yawa bayan an rubuta Dokar Makamai. Duk gyaran da Majalisar Tarayya za ta yi wa dokar 1959 zai buƙaci ya haɗa ta da waɗannan, ya kuma fayyace yadda za a adana makami a gida da wanda ke da alhakin duba hakan.

Ga mai karatu a yanzu, matsayin doka a bayyane yake. Duk wanda ya yi tayin sayar da ƙaramar bindiga ta WhatsApp ko wani shafi, ko da ya ce da takardu, yana tayin haramtaccen kaya ne, kuma hukuncin yana hawa kan mai saye kamar yadda yake hawa kan mai sayarwa. Ko bindigar toka da aka gada daga kaka tana ƙarƙashin ikon Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, wanda ofishinsa a Jigawa yake Dutse.